Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Wasan Labari Na Tebur A Kano: A Rage Wa Mai Jan Labari Kaya

Assalamu alaikum warahmatullah.

'Yan'uwa maza da mata, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wata matsala da kowa ya gani amma ba mai son ya fara furta ta. Da ku nake, ku da ke taruwa a zaure a cikin Birni, da ku ɗaliban Jami'ar Bayero masu baje takardu bayan lacca, da ku ma'aikatan da ba ku samun sukuni sai yammacin Lahadi a Zoo Road ko Tarauni. Ba mu da yawa a garin nan, kusan duk mun san juna, shi ya sa idan tebur ɗaya ya watse sai kowa ya ji a jikinsa.

Ga wanda ya tsinci wasiƙar nan bai san wasan ba: mutum huɗu ko biyar ne ke zama, kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa, mutum ɗaya kuma ya zama mai jan labari. Shi ne gari, shi ne daji, shi ne duk wani sarki ko ɗan fashin da za a gamu da shi a hanya. Idan jarumi ya ƙudurta abin da zai iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa dayis, irin abin da ake jefawa a wasan lido, ya raba gardama. Ba a sa kuɗi, ba kuma wanda ke cinye wani. Fitacce a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma da shi akasarinmu muka fara.

Masu jan labarinmu suna ta sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ba rigima ake yi ba, da ma rigima ce da an sami mai shiga tsakani. Yadda abin ke tafiya kun sani. Ranar Alhamis wani ya tambaya a WhatsApp, "Akwai zama ran Asabar?" Sai mai jan labari ya amsa, "Wallahi wani ɗan uzuri ya taso, mu bari sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu." Mako mai zuwa ma wani uzurin ne. Kafin a ankara dandalin ya koma wurin tura barka da Juma'a da katin ɗaurin aure, jaruman kuwa suna can tsaye a bakin wani kogo, ba su shiga ba, ba su koma gida ba.

Uzurin nan sau da yawa kara ce kawai. Bahaushe ba ya duban idon abokansa ya ce musu sun ishe shi, ballantana abokan da ya saba shimfiɗa wa tabarma a gidansa. An raine mu da kawaici, kuma abu ne mai kyau, sai dai a nan yana yi mana ɓarna. Mai jan labari ba zai ce ya gaji ba don kada a ce ya ƙosa da mutane. Mu 'yan wasa ba za mu tambaye shi ba don kada ya ɗauka muna ƙorafi ne a kan labarinsa. Kowa na kare mutuncin kowa, wasan kuma yana mutuwa a tsakaninmu. Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo: shi mai jan labarin yakan zargi kansa, ya ɗauka basirarsa ce ta ƙafe, ko kuwa girma ne ya zo, wasan yara ya fita daga ransa. Sai ya tattara littattafansa ya jefa saman sif, alhali ba wasan ne ya gundure shi ba, ɗawainiyar da muka jibga masa ce.

Ku ƙirga abin da mutum ɗaya ke yi kafin mu zauna. Shi ya karanta dokoki, kuma manyan littattafai uku na bugu na biyar na wasan da na ambata, wanda ya fito a 2014, kowannensu ya haura shafi 300, ga shi da Turanci mai nauyi. Shi ya zana taswira. Shi ya ƙirƙiro mutanen gari da sunayensu da muradinsu da irin muryar da kowa zai yi magana da ita. Shi ya auna ƙarfin abokan gaba, kada su kashe jarumai gaba ɗaya, kada kuma a murƙushe su cikin minti biyar. Wannan duk aikin labari ne, kuma da a nan aka tsaya da sauƙi, don akwai masu jin daɗinsa. To amma shi ne kuma mai bin kowa a waya don a tsayar da rana. Gidansa ake zuwa, shi ke lallashin iyali a ba shi falo. Shi ke sayen ruwa da lemo, shi ke cajin fitila saboda ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba. Shi ke tuna wa kowa inda aka tsaya. Shi ke bayyana wa ɗan wasan da ya shekara da jaruminsa yadda ake kai sara, don har yau bai zauna ya karanta takardarsa ba. Idan mutum biyu suka yi musu a kan doka, shi ne alƙali, kuma duk wanda aka ba rashin gaskiya shi zai riƙe a zuci.

Mu kuma fa? Mu iso bayan an yi awa guda ana jira, mu ɗora laifin a kan cunkoson Kabuga. Mu zauna waya a hannu, rabin hankali na tebur, rabi na wurin sakamakon ƙwallon Ingila. A tashi mu ce "sai wani satin", ko sannu da ƙoƙari babu.

Masana sun daɗe da sanin irin wannan gajiya. A 1974, shekarar da wasan ya fito, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger ya yi bayaninta bayan ya lura da ita a jikin masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a Amurka. Ku lura, ba malalata ya gani ba. Mutanen da suka fi kowa zuba kansu a cikin aikin ne suka fi saurin ƙonewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a kundinta na rarraba cututtuka, bugu na 11, ta ce ba cuta ba ce, lamari ne da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo da ba a shawo kansa ba. Ta kawo alamomi uku: ƙarewar kuzari, nisantar zuciya daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, da raguwar ƙwazo. Hukumar ta ja kunne cewa bayanin na wurin aiki ne, kada a kai shi wasu fannonin rayuwa, kuma ban isa in yi jayayya da ita ba. Ni dai abin da na gani shi ne alamomin nan uku sun bayyana a fuskar mutanen da ke jan mana labari. Idan abin da ya kamata ya kama ma'aikaci ya kama mai wasa, to mun mayar masa da wasan aiki, aikin da babu albashi, babu hutu, babu ranar ajiyewa.

Wani ɓangare na nauyin daga intanet muka ɗebo shi. Da yawanmu mun ƙone data muna kallon Critical Role, shirin da aka fara watsawa a 2015, wanda Matthew Mercer ya ja labarinsa na farko. Shiri ne mai kyau, ya jawo mutane da dama cikin harkar. Amma shi da abokan wasansa sana'arsu ke nan, ƙwararru ne wajen sa murya a fina-finan zane da wasannin kwamfuta, kuma yanzu kamfani ne da ma'aikata. Labarinsu na farko kaɗai ya ci zama 115. Sai ga ɗan'uwanmu da ya wuni a shago a Kantin Kwari, ko ya fito daga aji makogwaro a bushe, muna jiran ya yi mana murya goma daban-daban, in bai yi ba a ce zaman yau bai yi armashi ba. Abin mamaki, mai wannan ƙorafin bai taɓa auna kansa da 'yan wasan shirin ba, waɗanda ke sauraro, suna rubutu, suna ɗaukar labarin tare da mai jansa.

Ga kuma dogon buri. Kowa so yake a fara daga mataki na 1 a kai jarumi mataki na 20, wato ƙololuwar ƙarfinsa a wasan, tafiyar da ke cin shekaru ko a wurin waɗanda ba sa fashin zama. Shekarar Kano ba ta da wannan sararin. Azumi zai zo a dakata, Sallah ta biyo da hawa da ziyarce-ziyarce, bayanta bukukuwa su ɓarke. Ɗalibi na da jarrabawa, wanda ya gama karatu, bautar ƙasa ta ɗauke shi zuwa wata jihar, wani ya yi aure ya tare a Rijiyar Zaki, zuwa Hotoro ya zame masa tafiya. A watan Afrilu zafi kaɗai ya isa ya hana zama a falon da fanka ba ta juyawa. Lokacin da kowa ke iya samu tsakanin La'asar da Magariba ne, awa biyu da ɗoriya, kuma 'yan'uwanmu mata da mazauna nesa ba kasafai suke iya zaman bayan Isha ba. Mai jan labari na riƙe da zaren labarin shekara biyu a kansa, ana zama sau ɗaya a wata in an yi sa'a, kullum rabin lokacin na tafiya wajen tuna baya. Yaya ba zai gaji ba?

Roƙona na farko, kuma mafi girma, shi ne a riƙa karɓa-karɓa. Mu mayar da kujerar mai jan labari kamar adashi: kowa ya zuba, kowa kuma ranar ɗaukarsa ta zo. Na san abin da za a ce, "Ni ban iya ba." Shi ma wanda ke yi ba da iyawa aka haife shi ba, tsayawa ya yi ya kwafsa a gabanku har hannunsa ya faɗa. Wanda ya taɓa jan labari ko sau ɗaya ba ya ƙara zuwa a makare ba tare da ya aiko saƙo ba, don ya ɗanɗana zaman jira da takardu a gaba. Wanda kuwa da gaske ba zai iya ba, ga sauran ayyuka nan birjik. Wani ya ɗauki tsayar da rana da bin mutane, wani ya ba da masauki, wani ya riƙa rubuta taƙaitaccen abin da ya faru ya tura kafin zama na gaba, wanda ya fi haddace dokoki ya zama shi ake tambaya. Mai jan labari ya ji da labari kawai.

A wasu ƙasashen ana biyan mai jan labari kuɗi, kuma na ji wasu na kawo shawarar a nan. Ni ban goyi baya ba. Ranar da aboki ya zama kwastoma, zai fara auna ko abin da ya samu ya kai kuɗinsa, mai jan labarin kuma ya rasa 'yancin cewa yau ba ya jin yi. Karo-karon kuɗin ruwa da gurasa da tsire daban, wannan hakki ne.

Sannan mu gajarta. Labarin zama uku ko huɗu, mai farko da ƙarshe, ya fi doguwar tafiyar da za ta mutu a tsakiya. Akwai daɗi na musamman a kai ƙarshen labari, a tafa, a yi ta maimaita abin da wane ya yi, kuma teburori da yawa a garin nan ba su taɓa ɗanɗana shi ba. Idan jaruman sun shiga rai, sai a dawo da su a wani labarin bayan an huta. Ga masu jama'a da yawa da ba sa haɗuwa lokaci guda, akwai tsarin da Ben Robbins ya bayyana a 2007 mai suna West Marches: babu tsayayyar rana, babu tsayayyar tawaga. 'Yan wasa ne ke haɗa kansu, su zaɓi inda za su nufa a taswira, su nemi mai jan labari su sa lokaci. Wanda ya samu dama ya zo, wanda biki ya riƙe ba ya tsayar da kowa. Ban ga tsarin da ya fi wannan dacewa da rayuwarmu ba.

Mu kuma daina ɗaukar wasa ɗaya tamkar shi ke nan a duniya. Lasers & Feelings, na John Harper, 2013, dokokinsa duka shafi ɗaya ne, jarumi lamba ɗaya tak gare shi, daga 2 zuwa 5. Fiasco, na Jason Morningstar, 2009, ba shi da mai jan labari sam, mutum uku zuwa biyar ne ke gina labarin tare a zama guda ba tare da wani shiri ba. Wanda ya fi burge ni shi ne tsarin Apocalypse World na Vincent Baker da Meguey Baker, 2010, wanda wasanni da dama suka ara. Dayis biyu ake jefawa, irin na lido da ke kowane gida, ba sai an yi odar mai fuska 20 da dala ba. Idan jimla ta kai 10 ko fiye, jarumi ya yi nasara. Idan 6 ce ko ƙasa, abu ya ɓaci. Idan kuwa ta faɗa tsakanin 7 da 9, ya samu abin da yake so amma da tsada: ya tsallake katanga, sai dai mai gadi ya ga fuskarsa. Cikin hanyoyi 36 da dayis biyu ke iya faɗuwa, 15 na ba da wannan sakamakon na tsakiya kafin a ƙara makin jarumi. Ma'ana, dayis ɗin da kansa ke haifar da sabuwar matsala a kai a kai, mai jan labari ba sai ya kwana yana tsara abin da zai faru ba. Shi ma zuwa yake ya ga yadda za ta kaya, kuma wannan mamakin shi ne abin da ya ɓace masa tun ranar da ya fara rubuta komai tun daga gida.

Kai kuma ɗan'uwa mai jan labari, da kai nake yanzu. Faɗi. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Jama'a, ina son in huta wata biyu, wani ya karɓa." Ya fi uzurin da kai da su duk kun san ba shi ne ba. Kada hutun ya zama ƙaura: zo ka zauna a matsayin ɗan wasa, ka riƙe jarumi guda, wani ya sha wahalar sauran duniya. Idan ma ba ka son ganin dayis na ɗan lokaci, ku buga dara ko kati, zumuncin ne ba a so ya yanke. Ranar da ka dawo, rage shiri. Rabin shafi ya isa: wa ke son me, me zai hana shi, me zai faru idan jarumai suka naɗe hannu. Sauran ka jefa wa 'yan wasa. Idan suka shiga wani gari, tambayi ɗaya daga cikinsu, "Jaruminka ya taɓa zama a nan, wa yake bin sa bashi?" Za ka sha mamakin abin da zai fito daga bakin wanda ka ɗauka ba ya magana. Idan kuma ka lura gajiyar ta wuce tebur, ta shafi barcinka da aikinka da zamanka da iyali, wannan ba maganar wasa ba ce, ka ga likita.

Akwai wani abu da na ga yana dawo wa mutane da ɗoki fiye da kowace dabara, wato dawo da labarin gida. Mun sha wahalar haddace sunayen masarautun da wasu suka ƙirƙira a kan tarihin Turai, da dusar ƙanƙarar da ba mu taɓa takawa ba, alhali muna zaune a kan abin da ya fi su. Ku ɗauki ayarin fatake da zai tashi daga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya nufi Gwanja sayen goro. Ga madugu, ga jagaba, ga uban dawaki, kowa da aikinsa, jarumai sun samu ke nan ba tare da an buɗe littafi ba. An ɗauki kanwa da rinannun tufafi irin na marinar Ƙofar Mata, tafiyar watanni ce, akwai ƙetare Kwara, akwai sarakunan hanya masu karɓar kuɗin fito, akwai 'yan fashi, akwai goron da zai lalace idan aka yi jinkiri a dawowa. Ko a tsaya a cikin ganuwa: an rufe ƙofa da almuru, wani baƙo na waje da saƙon da dole ya isa fada kafin asuba, Sarkin Ƙofa kuma ya ƙi buɗewa. A irin wannan labari ba mai jan labari kaɗai ne masani ba. Kowa a teburin ya san yadda dillali ke magana, ya san abin da ake faɗa a gaban mai sarauta da abin da ba a faɗa, ya san Gizo ba ya ba da shawara don Allah. Kaya ya rabu ke nan tun kafin a raba shi. Sai dai a zaman farko a yi magana a fili a kan abin da ba a so ya shigo, musamman abin da ya taɓa addini ko tsafi, don abin da wani ya ɗauka tatsuniya wani ba zai iya zama a kansa ba, kuma bai kamata mai jan labari ya riƙa lalube shi kaɗai ba.

Abin da nake nema a wurinku kafin watan nan ya ƙare kaɗan ne. Kowane tebur ya yi zama ɗaya ba dayis, a tsayar da wanda zai ja labari na gaba da ranar da zai karɓa, a raba sauran ayyukan da suna. Shi kuma mai jan labari na yanzu, kada a tambaye shi a cikin taro ko ya gaji, don "lafiya lau" zai ce. Wanda ya fi kusa da shi ya ja shi gefe bayan sallah ya tambaye shi. Teburin da ya riga ya yi shiru, wani ya kira tsohon mai jansa, ba don ya dawo aiki ba, a gayyace shi ya zo ya yi wasa. A namu teburin, ƙaraminmu ne zai ja labarin fatake na zama uku, ni kuma an ba ni rubuta abin da ya faru da kawo ruwan sanyi. Mai son ganin yadda ake yi kafin ya gwada a nasu, akwai wurin mutum biyu.

Wassalam.

Ɗan'uwanku,
wani ɗan wasa daga Gwammaja, Kano